Serendipity: Kalmar da Ta Taso Daga Sarandib Ta Zubar da Rabin Kayanta a Hanya

A jerin manyan kalmomin Turanci da ɗalibai ke haddacewa don jarrabawa, ko don rubutu ya yi armashi, da wuya ka rasa *serendipity*. Ana furta ta se-ren-DI-pi-ti, nauyin murya a kan gaɓa ta uku. In ka buɗe ƙamus zai ce maka ma'anarta cin karo da abin alheri ba tare da ka fita nemansa ba. Ɗalibi sai ya rubuta "sa'a" a gefenta ya wuce gaba. Ba za a ce ya yi kuskure ba, don Turawan yau ma galibi haka suke amfani da ita. Sai dai wanda ya ƙera kalmar ba sa'a yake nufi ba, kuma ba hasashe ake yi ba wajen faɗin haka. Ya bar bayaninsa a rubuce, da rana da wata da shekara, gatan da kalmomi ƙalilan ne suka samu a kowane harshe.

Sunansa Horace Walpole, ɗan Robert Walpole wanda ake lissafawa a matsayin firaministan Birtaniya na farko. An haife shi a 1717, ya rasu a 1797. Ya yi ɗan majalisa, amma ba siyasa ce ta sa ake tunawa da shi ba. Mutum ne mai kuɗi da lokaci, mai tara tsofaffin hotuna da littattafai da tarkacen tarihi a gidansa na Strawberry Hill, mai son gulmar manya, kuma mayen rubuta wasiƙa. Da Jami'ar Yale ta tattara wasiƙunsa da amsoshinsu, sai da suka cika mujalladi 48. Babban abokin wasiƙarsa shi ne Horace Mann, wakilin Birtaniya a birnin Florence na Italiya. Rabonsu da juna tun 1741, amma takarda ba ta daina kai-komo tsakaninsu ba har Mann ya rasu a 1786.

A wasiƙar ranar 28 ga Janairu, 1754 ne kalmar ta fara bayyana, kuma dalilin bai taka kara ya karya ba. Mann ya aiko masa da zanen Bianca Cappello, wata 'yar Venice ta ƙarni na 16 da ta auri Francesco na gidan Medici, mai mulkin Tuscany. Walpole yana son a yi wa zanen firam mai ɗauke da tambarin danginta. Yana cikin duba wani tsohon littafi na tamburan manyan gidajen Venice sai ya ga na Cappello iri biyu, ɗaya an ƙara masa 'yar alamar fure a kan shuɗin ƙwallo, irin wadda ke saman tambarin Medici. Nan take ya yanke cewa mijin ne ya ba surukansa alamar saboda auren. Sai ya ce wa abokinsa wannan abu da ya gano ya kusa zama irin wanda yake kira *serendipity*, kuma tunda ba shi da wani labari mafi muhimmanci da zai ba shi, bari ya yi masa bayani. Ya ce ya taɓa karanta wata tatsuniyar shirme ta 'ya'yan sarkin Serendip su uku, waɗanda a tafiyarsu kullum suke gano abubuwan da ba su suka fita nema ba, *by accidents and sagacity*, wato ta hanyar bazata da kaifin basira. Ya ba da misali: ɗayansu ya gane cewa wani alfadari mai makahon idon dama ya bi hanyar ba da jimawa ba, saboda ciyawar gefen hagu kaɗai aka ci, alhali ta dama ta fi kyau. Sannan ya gindaya sharaɗi, ya ce a lura, duk abin da ka gano alhali shi kake nema ba ya cikin wannan babi.

Misalinsa na biyu ya fi na alfadarin daɗi. Wata rana Lord Shaftesbury ya je cin abinci gidan Lord Clarendon, wazirin Sarki Charles na Biyu. Ana zaune a teburi sai ya lura da yadda uwargidan ke girmama 'yarta, Anne Hyde. Uwa ba ta girmama 'yar cikinta haka siddan. Ya bar gidan da yaƙinin cewa yarinyar ta auri ƙanen sarki a asirce. Haka kuwa abin yake: ƙanen sarkin, James, ya aure ta a ɓoye a 1660, kuma 'ya'yansu mata biyu, Mary da Anne, duk sun hau gadon sarautar Ingila daga baya. Bazatar da ke cikin labarin ita ce Shaftesbury abinci ya je ci, ba bincike ba. Amma duk wanda ke teburin ya ga abin da ya gani. Shi kaɗai ya karanta shi. Abin da Walpole ya raɗa wa suna ke nan, wata baiwa da ke jikin mutum, ba wani abu da ke faɗo masa daga sama ba.

Ginin kalmar ma wasa ne irin na mai ilimi. Ɗafa-ƙeyar *-ity* a Turanci, wadda ta zo daga Latin ta hanyar Faransanci, galibi sifa ake liƙa wa don a samar da suna, kamar yadda *able* ke zama *ability*, *curious* ya zama *curiosity*. Walpole ya ɗauke ta ya manna wa sunan ƙasa. Kamar dai Bahaushe ya ce "Sarandibanci", yana nufin halin mutanen Sarandib. Ba ta da wata dangantaka da *serene* ko *serenity* masu nufin natsuwa, ko da yake kamannin sautin ya taimaka mata ƙwarai wajen shiga ran mutane.

Shi kuwa Serendip ba ƙasar tatsuniya ba ce. Tsibirin da yau ake kira Sri Lanka ne, wanda Larabawa suka sani da Sarandib, Farisawa kuma Sarandip. Mafi yawan masana suna mayar da sunan ga *Sinhala-dwipa* na harshen Sanskrit, tsibirin mutanen Sinhala, su kuma daga kalmar zaki sunansu ya fito. Turawan Fotugal suka kira shi Ceilão, Ingilishi suka mayar da shi Ceylon, sunan da ƙasar ta amsa har 1972.

Almajirin da ya yi nisa a littattafan tarihi da ƙissoshin annabawa ya riga ɗan boko sanin wannan suna. A ruwayoyin da malaman tarihi irin su Ɗabari suka kawo, a kan wani dutse na Sarandib aka saukar da Annabi Adamu. Ba nassin Alƙur'ani ba ne, labari ne da ya yaɗu har dutsen ya zama wurin ziyara. Ibn Baɗuɗa ya hau shi a 1344. Tsayin dutsen mita 2,243, kuma Ibn Baɗuɗa ya ba da labarin hanyoyinsa biyu, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u, da sarƙoƙin ƙarfe goma da aka kafa a jikin dutsen don masu hawa su riƙe. Ta goma ana ce mata sarƙar Shahada, domin duk wanda ya kai wurin ya leƙa ƙasa sai tsoron faɗuwa ya sa ya kama kalmar shahada. A ƙololuwa akwai wani gurbi mai kama da sawun ƙafa. Musulmi suka ce na Adamu ne, mabiya Buddha suka ce na Buddha ne, 'yan Hindu suka ce na Shiva ne. Akwai ma wasu baitoci da ake jingina wa Imamu Shafi'i, inda mawaƙin ke cewa duwatsun Sarandib su yi ruwan lu'ulu'u, rijiyoyin Takrur su tumbatsa da zinariya, shi ko a jikinsa: in yana raye ba zai rasa abinci ba, in ya mutu ba zai rasa kabari ba. Takrur ɗin nan yammacin Afirka ne, sunan da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sa a taken littafinsa na tarihi, Infaƙul Maisuri. A baiti guda aka haɗa mu da Sarandib a matsayin iyakoki biyu na arzikin duniya.

Tatsuniyar da Walpole ya raina ta yi doguwar tafiya kafin ta iso hannunsa. An buga ta da Italiyanci a Venice a 1557, a maɗaba'ar Michele Tramezzino, da sunan wani Cristoforo Armeno a matsayin wanda ya fassaro ta daga Farisanci. An juya ta zuwa Faransanci a 1719, zuwa Turanci a 1722. Tushenta na Farisanci kuwa waƙar *Hasht Bihisht* ce, Aljannatai Takwas, ta Amir Khusrau, mawaƙin birnin Delhi, wadda ya kammala wajen 1302. Kuma a cikinta babu alfadari ko ɗaya. Raƙumi ne. Walpole ya karanta ne tun da daɗewa, ƙwaƙwalwarsa ta musanya masa dabbar da wadda Bature ya fi sabawa da ita.

Ga yadda labarin yake. Sarkin Serendip ya ba 'ya'yansa uku ilimi, ya gwada su da tayin gadon mulki, kowa ya ƙi, sai ya yi kamar ya fusata ya kore su don su je su ga duniya. Suka shiga ƙasar Sarki Bahram na Farisa. A hanya suka gamu da wani mutum da raƙuminsa ya ɓata. Na farko ya ce, raƙumin nan mai ido ɗaya ne? Na biyu ya ce, yana da giɓi? Na uku ya ce, yana ɗingishi? Mutumin ya ce ƙwarai kuwa, ya bi hanyar da suka fito da murna. Bai ga komai ba. Da ya dawo ya same su sai suka ƙara masa da cewa raƙumin na ɗauke da man shanu a gefe guda da zuma a ɗaya gefen, mace ce a kansa, kuma tana da ciki. Mai raƙumi ya ce to ai ku ne ɓarayin. Aka kai su gaban sarki, aka jefa su kurkuku, saura ƙiris a kashe su, sai aka tsinci raƙumin a wani wuri. Sarki ya sa aka fito da su ya ce, yaya aka yi kuka siffanta abin da ba ku taɓa gani ba? Suka ce ciyawar gefe guda kawai aka ci, kuma ita ce mara kyau, ke nan ba ya ganin ɗaya gefen. A kan hanya akwai dunƙule-dunƙulen ciyawar da aka tauna ta zubo, girman gurbin haƙori. Sawun ƙafa uku ya fito sarai, ta huɗu jan ta ake yi. Kiyashi sun yi layi a gefe guda inda mai ya ɗiga, ƙudaje sun taru a ɗaya gefen inda zuma ta ɗiga. A inda raƙumin ya gurfana akwai sawun ƙaramar ƙafa, kusa da shi kuma shatin tafin hannu biyu a ƙasa, alamar wadda ta tsuguna sai da ta dafa kafin ta iya miƙewa.

Wanda ya san tarihin Larabawa zai ce ai na san wannan. Gaskiyarsa. Kusan shekara 400 kafin Khusrau, Ɗabari da Mas'udi sun kawo labarin 'ya'yan Nizar ɗan Ma'addu ɗan Adnan su huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, a hanyarsu ta zuwa Najran wurin Af'a al-Jurhumi don ya raba musu gado. Mudar ɗin nan shi ne wanda ke cikin jerin kakannin Manzon Allah (SAW). Su ma raƙumin da ba su gani ba suka siffanta. Mudar ya ce mai ido ɗaya ne. Rabi'a ya ce karkatacce ne, don sawun ƙafa ɗaya ya nutse, ɗayan kuma bai zauna daidai ba. Iyad ya ce wutsiyarsa a yanke take, don kashinsa a tare ya zuba, da yana da wutsiya da ta watsa shi. Anmar ya ce gujajje ne, don yakan bar wuri mai lema ya wuce zuwa wanda bai kai shi ba. Da suka isa aka sauke su aka kawo abinci, nan ma ba su bar halinsu ba: wannan ya ce naman na tunkiyar da ta sha nonon karya ne, wancan ya ce mai masaukin namu ba ɗan wanda ake ce ubansa ba ne, aka bincika aka tarar duk haka ne. A littafin Talmud na Yahudawa ma akwai irin wannan labari na raƙumi mai ido ɗaya, wanda ya girmi duka biyun. Labari ne na mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan bin sawu.

To ina sa'a a cikin wannan duka? Babu. 'Ya'yan sarkin Serendip ma rashin sa'a suka yi, don abin da suka gano kurkuku ya kai su. Abin da ke cikin labarin shi ne firasa, karanta babban abu daga ƙaramar alama. Shi ya sa da labarin ya shiga hannun marubucin Faransa Voltaire a littafinsa *Zadig* na 1747, inda raƙumi ya koma karya da doki, masana adabi da yawa suke ganin daga nan jijiyar labaran jami'an bincike ta fara. Abin da Walpole ya ƙara, kuma a ganina nan ne hazaƙarsa take, shi ne lura da cewa samarin nan ba wanda ya aike su. Sun ƙididdige kiyashi da ƙudaje da shatin hannu tun kafin su san akwai raƙumin da ya ɓata. Ido ne da ke aiki ko ba a sa shi ba.

Bayan wasiƙar sai kalmar ta kwanta barci. Ba a buga wasiƙun Walpole zuwa ga Mann ba sai 1833, shekara 79 bayan rubuta ta, kuma ko a lokacin ba wanda ya kula. A 1875 ne wani mai karatu ya aika tambaya game da ita ga mujallar *Notes and Queries* ta Landan, wani masanin sinadarai mai tara littattafai, Edward Solly, ya amsa masa. Solly ne ya riƙa amfani da ita bayan haka, ya kuma taƙaita ta da cewa neman wani abu ne ka samu wani. Shekaru da dama ta zauna a hannun 'yan tsirarun masu tonon tsofaffin littattafai, kamar kalmar sirri tsakaninsu. Da babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a farkon ƙarni na 20, ya fassara ta da baiwar gano abubuwa masu daɗi da ba a zata ba ta hanyar bazata. A wannan jimla guda an yi abu biyu. An cire basira, an kuma shigo da daɗi, wanda Walpole bai ambata ba. Tun daga nan kayan suka fara zuba.

Masu kimiyya ne suka fito da ita kasuwa. Walter Cannon, masanin aikin jikin ɗan Adam a Jami'ar Harvard, ya ware mata babi guda a littafinsa na 1945 kan yadda ake bincike. Robert Merton, masanin zamantakewa, ya ce shi ma cin karo ya yi da ita yana neman wata kalmar a ƙamus, ya kuma ɗauke ta ya yi bayanin yadda wani sakamako da ba a zata ba, wanda ya saɓa wa abin da aka sani, kan tilasta a sake gina nazariyya. Shi da Elinor Barber sun rubuta littafi sukutum kan tarihin kalmar, suka gama a 1958, suka ƙirga mutum 135 kacal da suka taɓa amfani da ita a rubutun da aka buga. Sai suka ajiye littafin a aljihun tebur. Bai fito ba sai 2002 da Italiyanci, na Turanci kuma a 2004, bayan Merton ya rasu.

Dalilin da ya sa ta karɓu a wurin masu kimiyya a fili yake, tarihinsu cike yake da irin wannan. A hutun Ista na 1856, William Perkin, yaro ɗan shekara 18, yana ɗakin gwajin da ya haɗa a gidansu a gabashin Landan yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, daga sinadaran kwaltar kwal. Abin da ya samu wani baƙin dagwalo ne a gindin kwalba. Gwaji ya lalace, abin da ya rage a wanke kwalba. Da ya zuba sinadarin wanki sai ruwan ya koma shunayya. Ya tsoma ƙyallen siliki ya ga launin ya kama, ya wanke bai fita ba, ya shanya a rana bai koɗe ba. Ya aika wa wani kamfanin rini a Scotland su gwada, ya yi rajistar mallaka a watan Agusta, ya bar makaranta duk da malaminsa bai so ba, a 1857 shi da mahaifinsa da wansa suka kafa masana'anta. Daga nan masana'antar rinin sinadari ta duniya ta tashi, wadda zuwa 1897 ta kai ga kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da ba daga ganyen baba aka samo shi ba. Kwinin ɗin da ya fita nema kuwa sai 1944 aka gano hanyar haɗa shi. Dagwalon bazata ne. Tsoma silikin ba bazata ba ne.

Hanya mafi sauƙi ta ganin rabin da aka zubar ita ce duba waɗanda bazatar ta zo musu suka bar ta ta wuce. A 1890, Arthur Goodspeed na Jami'ar Pennsylvania da wani mai ɗaukar hoto suna gwaji da bututun lantarki. Da suka wanke wani farantin hoto sai suka ga inuwar wasu abubuwa biyu masu zagaye da ba su san daga ina suka fito ba. Suka ajiye farantin suka ci gaba da harkarsu. Bayan shekara biyar, ranar 8 ga Nuwamba, 1895, a birnin Würzburg na Jamus, Wilhelm Röntgen yana aiki da irin wannan bututu, ya lulluɓe shi da baƙin kwali, sai ya ga wani allo da ke can gefe yana ƙyalli. Bai kamata ya yi ƙyalli ba. Ya rufe kansa a ɗakin gwaji na makonni, yana sa littafi da katako da ƙarfe tsakanin bututun da allon, har ranar 22 ga Disamba ya ɗauki hoton ƙasusuwan hannun matarsa da zobenta. Shi ya karɓi kyautar Nobel ta farko a kimiyyar fiziks a 1901. Sai bayan labarinsa ya bazu Goodspeed ya koma ya ciro farantinsa ya gane hoton eksire ya ɗauka tun 1890.

Haka labarin Alexander Fleming da fenisilin yake, ko da yake an fi ba da shi a gurguje: ya dawo hutu a Satumbar 1928 a asibitin St Mary's na Landan, ya tarar fumfuna ta kama wani faranti, ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita sun mutu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wasu sun ga irin haka kafin shi, ciki har da John Tyndall a shekarun 1870 da Ernest Duchesne a Faransa a 1897, kuma Fleming ya shafe shekaru yana farautar abubuwan da ke kashe ƙwayoyin cuta. Sannan ko shi bai iya mayar da abin magani ba. Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley ne a Oxford suka sha wahalar tace shi, suka gwada a kan ɓeraye takwas a watan Mayun 1940, huɗun da aka yi wa allura suka rayu, huɗun da ba a yi wa ba suka mutu. Louis Pasteur ya riga ya faɗi ƙa'idar a laccarsa ta birnin Lille a 1854, shekara ɗari cif bayan wasiƙar Walpole, cewa a fagen lura, bazata ba ta taimakon kowa sai zuciyar da ta shirya.

In aka ce a kawo kalmar cikin Hausa, nan ake gane tana da wuyar sha'ani. Sa'a da dace da katari da rabo duk rabin farko suke ɗauka. "Faɗuwa ta zo daidai da zama" ya fi kusa da *coincidence*, haɗuwar abu biyu a lokaci guda. "Tsintar dami a kala" ya fi kowanne kusa, amma da Walpole zai ji da ya ƙi, don mai kala hatsi ya fita nema, hatsin kuma ya samu, yawan ne kawai ya wuce zatonsa. Irin wannan ma an yi masa suna. Royston Roberts, masanin sinadarai a Amurka, ya kira shi *pseudoserendipity* a 1989, wato samun abin da kake nema ta hanyar da ba ka zata ba, kamar Charles Goodyear da ya shafe shekaru yana neman yadda roba za ta daina narkewa da zafi, har a 1839 cakuɗen roba da farar wuta ya taɓa murhu mai zafi ya ga ta ƙanƙame. Mai fassara da ke son ya yi adalci sai ya yi jimla: gano abin da ba a fita nema ba, saboda an iya lura.

Ga mai son amfani da ita a Turanci, suna ce, kuma galibi ba a yi mata jam'i. Sifarta *serendipitous*, bayanau kuma *serendipitously*. Wanda ya ci caca ko ya tsinci kuɗi a titi *luck* ya samu. Mai binciken da ya je ɗakin karatu neman wani littafi, ya zaro na kusa da shi ya ga amsar tambayar da ta dame shi shekara da shekaru, shi ne ya dace da kalmar. Wannan shi ne amfanin da mai karatu mai zurfi zai yaba. Amma kada a yi mamakin ganin ta a jikin shaguna da gidajen abinci da jiragen ruwa da katunan aure, inda ba ta nufin komai sai haɗuwa mai daɗi. A shekarar 2000 wata ƙuri'ar jin ra'ayi a Birtaniya ta zaɓe ta a matsayin kalmar da aka fi so, kuma ina kyautata zaton sautinta aka zaɓa. Ƙamusoshi na yanzu da yawa sun ma cire "baiwa" daga bayaninsu, suna cewa faruwar al'amura ne ta hanyar bazata cikin yanayi mai kyau. Ta tashi daga halin mutum ta koma abin da ke faruwa da mutum.

Ba na cikin masu ganin an yi wa harshe laifi idan ma'ana ta gusa, don haka harshe yake, kuma ƙamus rijista ce ba kotu ba. Abin da ya dame ni shi ne illar da sabuwar ma'anar ke yi wa yadda ake ba yara labarin kimiyya. In aka ce Fleming ya yi sa'a, yaro zai ɗauka jira ake yi. Su ma hukumomin da ke ba da kuɗin bincike suna cikin wannan tsaka mai wuya, domin sukan nemi mai bincike ya rubuta tun farko abin da zai gano da watan da zai gano shi, alhali da Perkin ya yi biyayya ga irin wannan takarda da rahoton gazawa zai rubuta. Kamfanonin intanet kuwa har ma'auni suka yi wa kalmar: injiniyoyin da ke tsara manhajojin da ke zaɓo maka bidiyo ko waƙa suna auna yawan abin da suka kawo maka wanda ba ka zata ba amma ka so. Bazatar da wani ya tsara maka don ka daɗe a kan waya, ban ga inda ta haɗu da abin da Shaftesbury ya yi a teburin Clarendon ba.

An ma yi mata kishiya. A 1998 marubuci William Boyd ya ƙirƙiro *zemblanity* daga Nova Zembla, wato Novaya Zemlya, tsibiran ƙanƙara da ke arewacin Rasha, inda jirgin ruwan Willem Barents, matuƙi ɗan ƙasar Holland, ya maƙale a 1596, inda kuma Tarayyar Sobiyet ta tayar da bam ɗin nukiliya mafi girma a tarihi a 1961. Tsibirin kudu mai ɗumi da kayan yaji, ga na arewa mai sanyi da ba ya fid da komai. Ya fassara ta da gano abubuwa marasa daɗi, na rashin sa'a, waɗanda dama an san za su faru. Kalmar ta ɗan samu shiga a rubuce-rubucen masu nazarin haɗurra da gudanar da ma'aikatu, ba ta wuce nan ba. In ka duba da kyau, ma'anar ƙamus Boyd ya kifar, ba ta Walpole ba. Ya juya daɗi, ya juya sa'a, ya juya bazata, bai bi ta kan basira ba balle ya nemo mata kishiya. Abin da ya faru da Goodspeed, mutum ya riƙe amsa a hannu shekara biyar bai san ita ba ce, har yau ba shi da wani suna da ya yi fice a Turanci.